Yadda za ka raba kuɗi tsakanin furosesa da madabod

Kullum sai an tambaye ni wanne ya kamata ya fi cin kuɗi wajen haɗa kwamfuta: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ko madabod (babban allon da ake jona duk sassan a kai). Ga yadda nake yi.

1. Rubuta aikin da kwamfutar za ta yi: wasa, gyaran bidiyo ko aikin ofis.

2. Ware kuɗin RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi), katin hoto da na'urar wuta tukuna.

3. Fara zaɓar furosesa. Ita ce mai saurin, madabod ɗaukar ta kawai take yi. A ganina ta ci kaso mafi tsoka.

4. Duba soket ɗinta, wato gurbin da take zama a kan madabod. Soket ɗin furosesar Ryzen 5000 AM4 ce, ta Ryzen 7000 AM5, ta Intel zubi na 12 zuwa 14 kuwa LGA1700.
Hattara: AM5 RAM nau'in DDR5 kaɗai take karɓa. Tsohon DDR4 ɗinka ba zai shiga ba.

5. Ɗauki madabod matsakaiciya, irin B650 (ta AM5) ko B760 (ta LGA1700). Babbar madabod irin Z790 sai in furosesarka Intel ce mai harafin K a sunanta kuma za ka ƙara mata gudu. In ba haka ba, asarar kuɗi ce.

6. Leƙa ƙarfen sanyaya sashen wuta da ke kewaye da soket.
A nan ake tafka kuskure: a ɗora babbar furosesa irin Core i9 kan madabod mai arha irin H610 don tsimi. Zafi ya taso, gudu ya ragu, an yi ba a yi ba.

7. Ƙirga ramukan M.2 (inda ake saka ma'ajiyar bayanai ta SSD) da USB da kake buƙata.

8. Nemo sunan furosesar a shafin kamfanin madabod kafin ka biya, wataƙila sai an sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod ɗin) kafin ta yi aiki da furosesar.