Ranar Kotoko da Hearts: Kurakuran da Ke Miƙa Wayarka ga Ɗan Sane

Duk wanda ya taɓa neman mota a Kejetia ko Aboabo, cikin birnin Kumasi na Ghana, ranar Lahadin da ƙungiyar ƙwallon Asante Kotoko za ta karɓi Hearts of Oak ta Accra ya san yadda gari yake tsukewa. Filin Baba Yara yana cin mutum kusan 40,000, kowa kuma so yake ya zauna kafin ƙarfe 3 na rana. Trotro kuwa, wato ƙaramar bas ta haya, mutum goma sha wani abu take ɗauka. Mu a wurinmu ranar ƙwallo ce, 'yan sane kuma ranar kasuwarsu ce, kuma sun fi wasu magoya baya sanin jadawalin wasanni.

Babban kuskure shi ne zaton a kan kujerar mota ake yi wa mutum sane. A bakin ƙofa ake yi. Mota ta tsaya, met (yaron mota) ya ja ƙofa, mutum ashirin suna rububin kujera huɗu. Ɗaya ya toge a gabanka kamar takalminsa ya maƙale, ɗaya ya danno ka ta baya, na uku ya zare. Sai ka zauna ka leƙa ta taga, ka ga wanda ya fi kowa turereniya bai ma shiga ba, ya ja gefe wai ba motarsa ba ce. Ai ya gama abin da ya kawo shi. Gyaran ba wuya: bar gida da wuri, ka yi azahar a can kusa da fili. In ka makara, ƙyale motar da ake kokawa a kanta ta wuce, ka jira ta baya, sauri ya haifi nawa. In kuma dole ka kutsa, hannu ɗaya ya zauna a kan wayarka har sai ka zauna.

Sai maganar sutura, kuma a nan mu 'yan Zongo muka fi faɗawa. Aljihun gefe na jallabiya ko kaftani baki yake buɗe, nesa yake da jiki, ko an sa hannu ba za ka ji ba. Ni a jikina na koya. Ranar 15 ga Oktoba 2013, ana cikin hidimar babbar salla, Black Stars, ƙungiyar ƙasa ta Ghana, ta lallasa Masar da ci 6 da 1 a Baba Yara. Na je da kaftanin salla, na fito ina ihu da sauran jama'a, na hau mota ina rungumar mutanen da ban sani ba. Sai da na sauka a Asawase zan kira gida na ji aljihu fayau. Wani dattijo da muka sauka tare ya dube ni ya ce, "Yaro, riga irin wannan ta masallaci ce, ba ta filin ƙwallo ba." Tun daga ranar, wando mai matsattsen aljihun gaba nake sawa a ƙarƙashi, aljihun riga kuma hankici kawai yake gani. Aljihun baya kuwa kyauta ce ka bayar. 'Yan'uwa mata da masu goya jaka, ku dawo da ita gaba, zif yana fuskantar ƙirji.

Akwai wanda da hannunsa yake nuna wa ɓarawo hanya. Wani ya ɗaga murya a mota ya ce "Jama'a a kula da aljihu!", nan take kowa ya shafa inda ya ɓoye kuɗinsa. Ba mamaki mai gargaɗin da gaskiya yake, amma akwai idon da wannan shafawar yake jira. Haka wanda zai zaro damin kuɗi don ya biya met sidi biyar. Ware kuɗin mota na zuwa da dawowa tun daga gida, ƙananan takardu, a aljihu daban.

Waya a bakin taga ma haka. Mota ta tsaya a cunkoson Amakom, kai kana duba sunayen 'yan wasan da za su fara, hannu ya shigo daga waje. Ja gilashi, ko ka bari sai ka sauka.

Wanda ya fi zafi shi ne tara komai wuri guda. Mutum ya sayi tikitin wasa ta waya, MoMo (asusun kuɗi na waya) yana cikinta, sannan ya cusa katin shaidarsa na Ghana Card a bayan rigar wayar. Fizga ɗaya, ba tikiti, ba kuɗin komawa, ba katin da za ka nuna a mayar maka da layinka. Raba su. Kada lambar sirrin MoMo ta zama shekarar haihuwarka, tunda tana rubuce a jikin katin. Ka danna *#06# yau, ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka da za ta fito, a takarda ka ajiye a gida.

Yawancinmu da tafiya muke kula, mu saki jiki da dawowa. An tashi wasa, magariba ta kawo kai, dubban mutane sun fito lokaci guda, rabi na murna rabi na zagin alƙalin wasa. Wanda ya ja ka da musun ko bugun fanareti ne ko ba shi ba ne, yana dafa kafaɗarka, ba lallai ƙwallon ce ta dame shi ba. Zauna minti ashirin a kujerarka jama'a su ragu. Masu bin ƙungiya zuwa Accra kuma, tafiyar kusan kilomita 250 ce, barci zai ɗauke ka. Ku tafi biyu, jaka a kan cinya, kuma a yi hattara wajen sauka a tashar motoci ta Circle.

In ƙaddara ta faɗa, kada ka cafke na kusa da kai kana ihun ɓarawo. Wayar ta riga ta wuce hannu na biyu ko na uku, kuma taron da ya fito daga fili da zafin kai zai iya hallaka wanda bai ji ba bai gani ba, alhakin yana wuyanka. Ari wayar wani ka kira kamfanin layinka a rufe layin da MoMo tukuna, ka sanar da 'yan gida kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka, sannan ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa da takardar nan ta IMEI.