Yadda ake murza yumɓu irin na maginan Japan kafin a fara gini

Mu nan Gombe duk mai sha'awar ginin tukwane hankalinsa na kan sura da zane, so yake yau-yau ya ga tulu ya tashi. Su kuwa maginan Japan a kan murza yumɓu suke fara tsare ɗalibi, har cewa suke sai an yi shekara 3 kafin hannu ya faɗa, kuma gaskiya ina bayansu, don wata tsagewar da muke ɗora wa wuta laifi tun a wajen kwaɓi aka jawo ta.

Kar ka ɗauka abin ya yi mana nisa. Hamada Shoji, babban maginin Japan, shi ya bi Bernard Leach, wani maginin tukwane Bature, zuwa Ingila a 1920 suka kafa wurin gini a St Ives, daga baya ya koma gida ya zauna a Mashiko yana aiki da ƙasar garin. Michael Cardew ɗalibin Leach ne, shi ya zo Najeriya a 1950, daga baya ya buɗe cibiyar koyar da gini a tsohuwar Abuja wato Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce dai ta bayan naira 20 ɗin nan.

Toh ga yadda za ka yi. In ka haƙo yumɓu ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka farfasa, ka zuba a ruwa cikin baho ya kwana biyu ya narke, sai ka tace da rariya tsakuwa da saiwa su fita. Ka bari ya kwanta, ka tsiyaye ruwan sama, ka baza a kan buhu a inuwa har ya daina manne wa hannu. Ka ɗan mulmula siriri ka naɗa a yatsa, in ya tsattsage yashi ya yi yawa, in kuma danƙo ya yi yawa ka daka tsingaro ka tankaɗe ka zuba kaɗan-kaɗan. Amma don Allah ka rufe hanci lokacin daka, ƙurar nan tana lalata huhu, kuma ka yayyafa ruwa kafin shara.

Yanzu murzar, suna ce mata kikuneri. Ka samu tebur mai ƙarfi wanda bai kai ƙugunka ba, ka ɗauki curi kamar kilo 2 ko 3. Hannu ɗaya yana tallafe da curin yana ɗan ɗago shi yana juyawa, ɗayan yana danna ƙasan da gindin tafi zuwa gaba, ba da ƙarfin damtse ba, nauyin jikinka za ka sakar masa kana rausaya gaba da baya. Ɗago, juya kaɗan, danna. Ba ninkewa ake yi ba irin na ƙullin burodi, wannan iska yake ƙulle wa a ciki, mu kuma fitar da ita muke so da kuma danshi ya zama ɗaya ko'ina. In kana yi daidai za ka ga layi-layi suna jeruwa a gefe ɗaya suna zagayawa, in ba su fito ba to juyin naka ya yi yawa ko kana danna tsakiya. Ka yi wajen sau 100, sannan ka rage dannawa a hankali har ya dunƙule ya yi tsini.

Ka yanka shi biyu da siririyar waya ka duba fuskar, ko rami ɗaya ka gani ko wani wuri ya fi wani tauri, koma ka sake, ba wata dabara.

In ya yi, ƙulle shi a leda ya yi sati ɗaya ko biyu, ya fi laushi da biyayya a hannu. Kuma da hunturu kar ka bar abin da ka gina a iska, baki zai riga gindi bushewa ya tsage, ka lulluɓe da leda ko tsumma a ɗaki ya sha iska sannu a hankali, sai ka kara shi a kumatu ka ji babu sanyin danshi sannan ya je wuta.