Yadda Ake Zaɓen Hular Kwano Domin Doguwar Tafiya a Kan Babur

Masu shirin doguwar tafiya a kan babur sun sha tambayata yadda za su gane hular kwanon da ta yi musu daidai. Ga matakan a jere.

1. Ka samo tef na awo irin na teloli.

2. Ka zagaye kanka da shi, kimanin santimita 2 a saman gira.

3. Ka duba awon da ka samu a jadawalin kamfanin da ya ƙera hular, domin abin da wani kamfani ke kira matsakaici ba lallai ne ya zo ɗaya da na wani ba.

4. Ka nemi shaidar inganci a jikinta, wato ECE 22.06 ta Turai ko DOT ta Amurka.

5. Ka sanya ta, ka ɗaure igiyar haɓa yadda yatsu biyu kaɗai za su shiga.

6. Ka kama ta da hannu biyu, ka juya ta hagu da dama. Kumatunka ne ya kamata su bi ta.

Gargaɗi: a nan ne yawancin mutane kan yi kuskure, su ɗauki mai sako-sako saboda ta fi daɗi da farko, alhali kuwa soson cikinta yana saki bayan an daɗe ana sawa, sai iska ta riƙa kaɗa ta idan ana gudu.

7. Ka bar ta a kanka na minti 20. Idan ta danne maka goshi har ya yi zafi, ka gwada wata.