Yadda ake samun ragin hanya daga Kano zuwa Legas idan aljihu ba nauyi

Da farko kar ka tsaya bakin titi kana ɗaga hannu, yanzu ba mai tsayawa don kowa tsoro yake ji. Ka nufi inda manyan motoci ke lodi, irin kasuwar Dawanau, da sassafe.

Na biyu, ba direba za ka fara tunkara ba, yaron mota za ka samu ko ɗan kamasho, ka yi sallama ku gaisa sosai sannan ka ce don Allah oga ya rage maka hanya, ka faɗi inda za ka sauka da abin da za ka iya bayarwa ko na shayi ne, in aka ce babu wuri ka yi godiya ka matsa gaba ba gardama.

Na uku, ka nemi zama a gaban motar wajen direba. Hawa saman kaya ni dai ban ba da shawara ba, ga sanyin dare ga haɗari, kuma 'yan Road Safety suna hanawa.

Kafin a tashi ka ɗauki hoton lambar motar ka tura wa wani ɗan gida a WhatsApp. Ka riƙe katin ɗan ƙasa, ruwa, ƙuli-ƙuli da fawa bank, tafiyar fa tana iya cin kwana biyu ko fiye.

A hanya ka zama mai amfani, in an tsaya sallah ko taya ta fashe ka sa hannu, ka taya direba hira da dare.

In kun isa ba ka da masauki ka tambayi masallacin Hausawa a Agege ko Mile 12.