Yadda Za Ka Tantance Labarin Sabon Jirgin Yaƙi

Ranar 2 ga Disamba, 2022, da Amurka ta yaye wa jirginta B-21 mayafi, tsakar dare ne a wajenmu, ina zaune da waya a hannu ina kallo. Aka janye ƙyallen, fitilu suka haska, amma gaban jirgin kaɗai aka bari a gani. Gari na wayewa ƙanina ya turo saƙo: "Yaya, shi ke nan Sin ta shiga uku." Na ce masa ya dakata, ai jirgin bai taɓa barin ƙasa ba. Sai a Nuwamban 2023 ya yi tashin farko. Hanyar da na koya masa ran nan ita zan ba ka.

Ka fara da kwanan wata. Kowane jirgi ranaku uku gare shi: ranar da aka nuna shi, ranar da ya fara tashi, da ranar da runduna ta fara aiki da shi. F-35 ya tashi a 2006, sojin saman Amurka ba su ce ya shirya yaƙi ba sai 2016. J-20 na Sin ya tashi a Janairun 2011, ya shiga aiki a 2017. Su-57 na Rasha kuwa daga 2010 sai ƙarshen 2020. Don haka da aka ce a Maris 2025 an ba kamfanin Boeing kwangilar ƙera wa Amurka sabon jirgin yaƙi F-47, ka san ko ranar farko ba a kai ba tukuna.

Tambaya ta biyu ita ta fi damuna, domin ita ake yawan tsallakewa: cikin jiragen da ake da su, nawa ne za su iya tashi yau? Duk wanda ya taɓa riƙe motar haya ya san mai mota goma, huɗu na gareji bisa dutse ana jiran kayan gyara, mota shida gare shi. Ofishin da ke bincikar ayyukan gwamnati a madadin majalisar Amurka ya gano cewa a Maris 2023 kusan kashi 55 cikin ɗari ne na jiragen F-35 ke shirye da aiki. Shirin jirgin yaƙi mafi tsada ke nan, a ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi kan soja. Ka nemi irin wannan rahoto kafin ka yarda da bidiyon kamfani ko faretin ma'aikatar tsaro. Kuma ka lura, sau da yawa zamanantarwa gyaran tsoho ce. B-52, jirgin Amurka mai jefa bama-bamai, ya fara tashi a 1952, na ƙarshensa an ƙera shi a 1962, ga shi ana shirin sa masa sababbin injinan Rolls-Royce don ya kai shekarun 2050.

Kada ka manta da jiragen da ke shayar da 'yan uwansu mai a sama. Tekun Fasifik faɗi gare shi, kuma har yanzu Amurka na dogara da KC-135 wanda ya fara tashi a 1956.

Sai sararin samaniya. A nan ka cire hoton harbe-harbe daga ranka, ka tambayi wa ke riƙe da ido da kunne. GPS ɗin da ke nuna maka hanya a waya, rundunar sararin samaniyar Amurka da aka kafa a Disamban 2019 ke kula da shi, shi ne kuma ke yi wa bama-bamai jagora. Shi ya sa Sin ta kammala nata, BeiDou, a 2020, Rasha na da GLONASS. A Janairun 2007 Sin ta harbe wani tsohon tauraronta, tarkace sama da 3,000 suka watsu. Rasha ta maimaita a Nuwamban 2021, har 'yan sama jannatin tashar ƙasa da ƙasa suka fake cikin kumbunansu. Wannan ta'asa tana min ciwo, don tarkacen ba su san tauraron soja da na hasashen yanayi ba. Amma harin da ya fi koya mini darasi ba makami mai linzami a cikinsa: ranar 24 ga Fabrairu, 2022, da Rasha ta afka wa Yukren, kutse aka yi wa hanyar sadarwar Viasat, kamfanin da ke ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, dubban na'urorin intanet suka mutu a ƙasa.

In labarin ya zo gida, ƙara tambaya ɗaya. A 2021 Najeriya ta karɓi JF-17 guda uku, ƙirar Sin da Pakistan, da Super Tucano goma sha biyu ta hannun Amurka. Ka bincika wa ke riƙe da kayan gyara da makamansu, wa ke horar da makanikai, kuma da wane sharaɗi aka sayar.