Darasi na 7: Hawan Suga a Jikin Mai Korona da Aka Kwantar a Asibiti

Iyayena da yayyena 'yan aji, darasin yau akwai lambobi a ciki, amma kada kowa ya tsorata, guda uku kacal nake so ku riƙe a kai: 70, 140 da 180. Ku rubuta su manya-manya a saman shafinku kafin mu ci gaba.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti ya san 'yar na'urar nan da nas take zuwa da ita, ta goge yatsan mara lafiya da auduga, ta ɗan soka allura, ta ɗiga jini a bakin wani ɗan siririn tsinke, kafin ka ƙifta ido lamba ta fito a fuskar na'urar, ta rubuta a fayil ta wuce gado na gaba. Da yawanmu ba ma tambayar nawa ya nuna. To wannan lambar ita ce yawan sugan da ke yawo a jini, kuma a lokacin korona likitoci sun gano cewa tana faɗin abubuwa da yawa game da yadda jinyar za ta kasance.

Me lambobin suke nufi

Mai lafiya idan ya tashi da safe bai ci komai ba, sugansa yana tsakanin 70 zuwa 99. In an gwada shi da safe haka a ranaku biyu daban ana samun 126 ko fiye, ana cewa yana da ciwon suga. A asibiti kuwa, wanda ke kwance in ya haura 140 an fara sa masa ido, in kuma ya tsaya a 180 ko sama ya ƙi sauka to lokacin allurar insulin mai sauke suga ya yi. Galibin majinyata ana ƙoƙarin riƙe su ne tsakanin 140 zuwa 180. Ƙasa da 70 suga ya faɗi, shi ma haɗari ne, za mu zo kansa.

Wasu na'urorin ƙananan lambobi suke nunawa, irin su 7.8 ko 10, ba lalacewa suka yi ba, ma'auni ne daban. Ka ninka lambar sau 18 za ta ba ka irin tamu, wato 10 ita ce 180.

Abin da aka gani a asibitoci

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba 2019, a ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Tun a watannin farko aka lura masu ciwon suga sun fi shan wuya. A Ingila, cikin waɗanda korona ta kashe a asibiti daga Maris zuwa Mayu 2020, kusan mutum ɗaya cikin uku mai ciwon suga ne. A Faransa an bi masu ciwon suga sama da 1,300 da aka kwantar, zuwa kwana na 7 ɗaya cikin goma ya rasu, ɗaya cikin biyar kuma sai da aka sa masa bututun na'urar numfashi.

Amma binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne na lardin Hubei a Sin, don shi akwai kyakkyawan fata a cikinsa. An duba masu ciwon suga da korona ta kwantar, aka ware waɗanda sugansu ya zauna bai wuce 180 ba da waɗanda nasu ya riƙa haurawa, na farkon kusan kashi 1 cikin 100 ne suka rasu, na biyun kuwa kashi 11 cikin 100. Ciwo iri ɗaya fa, cuta iri ɗaya, amma ku dubi tazarar.

Sai kuma Sifaniya, inda aka duba majinyata sama da 11,000 bisa lambar da suka shigo da ita ranar farko. Masu ƙasa da 140 kusan kashi 16 cikin 100 suka rasu, masu 140 zuwa 180 kusan kashi 34, waɗanda suka wuce 180 kashi 41. Kuma yawancin mutanen nan ba a taɓa ce musu suna da ciwon suga ba. Don haka maganar "ai shi ba shi da suga" ba ta isa a ƙi gwada mutum ba.

Me ke hawar da sugan

Insulin kamar makulli yake, shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan ciwo ya yi tsanani jiki yana rikicewa ya saki sinadaran tashin hankali, hanta ta riƙa juyo suga cikin jini, tsokar kuma ta daina jin maganar insulin yadda ta saba, sai sugan ya taru ba wurin zuwa. Wannan yana faruwa ko ga wanda bai taɓa ciwon suga ba. Wani kuma dama yana da ciwon shekara da shekaru bai sani ba, sai korona ta tona shi, shi ya sa akwai gwajin jini mai suna HbA1c da ke nuna yadda sugan mutum ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, in ya kai 6.5 to ciwon ya daɗe a jiki.

Hawan sugan alama ce ta cewa ciwo ya yi nauyi, kuma shi kansa yana ƙara wa ciwon nauyi. Yana kashe wa fararen ƙwayoyin jini kuzari, su ne masu yaƙi da cuta, yana ƙara kumburi a jiki, yana sa jini saurin daskarewa a jijiya, ga yawan fitsari da ke tsotse ruwan jiki ya wahalar da ƙoda, mutum dama huhunsa na fama sai ga wannan ya haɗu masa.

Maganin da ke ceto amma yake hawar da suga

A watan Yuni 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa maganin dexamethasone yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Wanda ba ya buƙatar oksijin bai amfana da shi ba. Maganin nan yana hawar da suga sosai, musamman daga rana zuwa yamma, likita ya sani, ba ya daina bayarwa saboda haka, insulin yake ƙarawa a kuma yawaita gwaji. Dan Allah kada wanda ya sayi wannan magani da kansa ya sha a gida don ya ji ance yana maganin korona. A Indiya a 2021 an sha fama da wata muguwar cuta mai cin hanci da ido har ta kai ga ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda ta fi kamawa masu korona ne masu hawan suga da aka ba irin wannan maganin.

Aikin mai jinya

Ranar da aka kwantar da mutum, a kai duk magungunansa cikin kwalinsu a nuna wa likita, a faɗi ko yana da ciwon suga, ko akwai shi a dangi. In likita ya dakatar da ƙwayoyin suga irin su metformin ya koma allurar insulin, kada ranku ya ɓaci ku ce ciwo ya kai ƙarshe, ƙwayoyin ne ba su dace da jikin da ke ƙarancin oksijin ko ƙodarsa ta gaji ba, mutane da yawa suna komawa kan ƙwayarsu bayan an sallame su. Kada a ɓoye a ba shi magani ko lemon kwalba a bayan idon ma'aikata. Duk sanda aka gwada ku tambaya cikin ladabi, nas nawa ya nuna, ku rubuta da lokacin, ko da ta waya ne in an hana shiga ɗakin.

Ku kira ma'aikata da gaggawa in kun ga ƙishirwa mai tsanani da fitsari ba ƙaƙƙautawa, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ko magagi. Haka in ya fara rawar jiki, gumi na keto masa, yana sambatu, musamman in an yi masa insulin bai ci abinci ba, wannan faɗuwar suga ce kuma ba ta jira. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa.

Bayan sallama a koma a sake gwaji, musamman wanda sugansa ya hau a asibiti alhali da can ba a san shi da ciwon ba, wani nasa yana sauka da kansa, wani kuma ya zauna sai an ɗora shi kan magani.

Aikin aji

Ku kwafi waɗannan lambobi a littafinku: 62, 155, 240, sai kuma 12 a na'ura mai ƙananan lambobi. A gaban kowace ku rubuta ko suga ya faɗi, ko yana inda ake so a asibiti, ko ya hau, sannan kowa ya gaya wa na kusa da shi abin da zai ce wa nas in ya ga wannan lambar.