Yadda ake sauya fayilolin awon manhaja tsakanin tsohon tsari da sabo

A ofisoshin da ake rubuta manhaja a Abuja, ko a Wuse ko a Garki, ba wuya ka tarar da tsohuwar saba, wato kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta, tana fitar da bayanan awo a tsarin gperftools (tsoffin kayan awo na Google), alhali matasan ma'aikata sun saba da sabon pprof (kayan aikin Google na karanta fayilolin awo), babban injiniya kuma bai yarda da komai ba sai KCachegrind (wata manhajar da ke nuna sakamakon awo a zane). Fayil ɗin awo shi ne wanda ke nuna inda manhaja take kashe lokaci ko cinye ma'adanar kwamfuta, kuma idan kayan aikinka bai iya karanta shi ba, an yi wahalar banza.

Mataki na farko shi ne ka gane irin fayil ɗin da ke hannunka, kada ka dogara da sunansa. Ka ba da umarnin `xxd fayil | head`. Idan ya fara da 1f 8b, an matse shi da gzip, kuma akasari sabon tsarin profile.proto ne na Google, wanda pprof ke amfani da shi. Idan ka ga PERFILE2, daga perf, kayan awo na Linux, ya fito, wanda ya shiga cikin Linux 2.6.31 a 2009. Tsohon awon ma'adana na gperftools rubutu ne zalla da ke farawa da "heap profile:". Da zarar ka gane shi, ka kwafe shi ka ajiye asalin a gefe, duk aikin da za ka yi ka yi shi a kan kwafin.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran duka muhimmanci, shi ne neman ainihin manhajar da aka auna. Tsohon tsarin gperftools ba ya ɗauke da sunayen ayyukan da ke cikin manhaja. Abin da yake ajiyewa adiresoshi ne kawai, da taswirar inda aka ɗora kowane ɓangare a ma'adana. Sai an haɗa shi da manhajar sannan adiresoshin su koma sunaye. Idan babu ita, za ka buɗe rahoto ka ga layi bayan layi na lambobi irin su 0x7f3a, babu wanda zai gaya maka wane aiki ne yake jan ƙafa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ka kawo manhajar da aka sake haɗawa (wato aka sake yin compile) bayan an yi awon, domin adiresoshin sun riga sun gusa, sunaye za su fito tsaf amma na ƙarya ne, mutum ya kwana yana gyaran wurin da lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ka duba lambar shaidar haɗi da `readelf -n`, ka tabbata ta yi daidai da ta wadda ke kan sabar, kuma ka nemi kwafin da aka haɗa da `-g` wanda ba a goge masa sunaye ba.

Daga nan sauyawar kanta ba ta da wuya. Ka girka pprof da `go install github.com/google/pprof@latest`, sannan ka rubuta:

`pprof -proto -output=sabo.pb.gz ./manhaja cpu.prof`

Sabon fayil ɗin zai fito da sunayen a cikinsa, don haka za ka iya tura wa abokin aiki a Jos ba tare da manhajar ba. Go ma, harshen rubuta manhaja, tun fitowar 1.9 a 2017 yake saka sunayen a fayil ɗin awo da kansa. Idan fayil ɗin na perf ne, sai ka fara girka perf_to_profile, shi ne ke mayar da perf.data zuwa profile.proto.

Komawa baya shi ne inda ake asara. Shi pprof ba ya rubuta tsohon tsarin gperftools, amma yana rubuta na Callgrind, wanda KCachegrind ke buɗewa:

`pprof -callgrind -output=callgrind.out sabo.pb.gz`

Sai dai sabon tsarin yana iya riƙe ma'auni fiye da ɗaya a fayil guda, misali yawan ma'adanar da aka taɓa nema da wadda ake riƙe da ita yanzu, kuma ɗaya kaɗai zai tsallaka, don haka ka zaɓe shi da kanka da `-sample_index=alloc_space` ko `inuse_space`. Alamomin da aka liƙa wa samfura (samfuri shi ne kowane awo ɗaya da aka ɗauka) za su zube. Cikakken jerin kira kuma, wato jerin ayyukan da suka kira juna daga farko zuwa ƙarshe, zai karye ya koma wane ya kira wane, kuma ba a iya sake ɗinke shi. Wannan ne dalilin ajiye asali tun farko. Wanda yake son cikakken jerin a rubutu mai sauƙi, gara ya bi tsarin da Brendan Gregg ya fito da shi don zanen harshen wuta (flame graph) a 2011, ta hanyar `perf script` da stackcollapse-perf.pl idan fayil ɗin na perf ne, inda kowane layi ke ɗauke da jerin kira ɗaya da adadinsa.

Kafin ka miƙa wa kowa, ka gudanar da `pprof -top` a kan tsohon fayil (tare da manhajar) da sabon, ka kwatanta jimillar lokaci da ayyuka goma na sama. Da yake gperftools kan ɗauki samfuri 100 a daƙiƙa idan ba a canza masa ba, samfuri 3,000 ya kamata su ba ka kimanin daƙiƙa 30. Idan jimillar ta saɓa, ka koma ka duba ma'aunin da ka zaɓa. Idan kuma sunayen ne suka bambanta, to manhajar da ka kawo yanzu ba ita ka yi sauyawar da ita ba, sai ka sake duba lambar shaidar haɗi.